An Yi Wa Siminti Ƙarin Kuɗi, An Manta Da Mai Lissafin Simintin



Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a wannan shafi ban tofa ba. Yau dai zan tofa, kuma a kan sana'ata zan yi magana, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni ɗan ƙasar Pauwa ne, can aka binne cibiyata, kuma aikina ƙiyasin kuɗin gini. A wurin aiki birkiloli da leburori "Kiyu-es" suke ce mini. Mahaifiyata kuwa idan aka tambaye ta aikin ɗanta sai ta ce, "Lissafin bulo yake yi wa gwamnati." Ita ta fi kowa faɗin daidai.

Bari in yi wa wanda bai san aikin ba bayani a taƙaice. Kafin a haƙa harsashin aji, ko ɗakin shan magani, ko kwalbati, mai zanen gini da injiniya za su kawo zane. Ni zan zauna da zanen in fitar da komai: buhun siminti nawa, bulo nawa, rodi nawa, tifar yashi da ta tsakuwa nawa, bandir ɗin kwano nawa, katako, ƙusa, fenti, ladan birkila da kafinta da lebura, har ribar ɗan kwangila. In sa wa kowanne farashi, in haɗa jimla. Wannan takarda ita 'yan kwangila ke kira "bil", kuma a kanta ake ba da aiki. Idan aiki ya fara, ni ake turawa in je in auna abin da aka gina, in sa hannu cewa ɗan kwangila ya cancanci a biya shi kaza. Wato sa hannun irina ne ke buɗe bakin baitulmali. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A yawancin manyan kwangiloli akwai sharaɗin da ya ce idan farashin kaya ya tashi bayan an sa hannu, ɗan kwangila na iya neman a sake duba kuɗin. Adalci ne, ban ƙi ba. Daga tsakiyar 2023 zuwa yau ban san adadin irin waɗannan takardu da suka bi ta hannuna ba. Siminti ya tashi, a sake lissafi. Rodi ya tashi, a sake lissafi. Man dizal ya tashi, mai tifa ya ƙara kuɗi, a sake lissafi. Ni nake sake lissafin, da alƙalamina. Tambayata ga masu ruwa da tsaki a jiharmu ta Katsina guda ɗaya ce: shi wanda yake sake wa kowa lissafi, wa zai sake masa nasa?

Na san abin da sojojin baka za su fara rubutowa a ƙarƙashin wannan rubutu: "Ai an yi ƙarin albashi." Gaskiya ne an yi. Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a watan Yulin 2024, gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa kuma ta amince da biyansa a ƙarshen wannan shekarar. Ban raina ba, kuma duk wanda ya ce ba a yi komai ba ya yi ƙarya. Amma ni aikina awo ne, to ku zo mu auna.

A 2019, lokacin da Buhari ya sa hannu a kan naira 30,000, litar fetur naira 145 ce. Wannan albashin zai saya maka sama da lita 200. A ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000, ke nan naira 70,000 ba za ta cika maka lita 70 ba. A 2019 buhun siminti bai kai naira 3,000 ba, albashin na sayen buhu goma har da canji. A watan Fabrairun 2024 buhu ya haura naira 10,000 a garuruwa da yawa, har sai da Ministan Ayyuka David Umahi ya zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge aka ce an daidaita a kan 7,000 zuwa 8,000. Ko a wannan farashin na teburin taro, naira 70,000 ba ta wuce buhu tara zuwa goma. A farashin da muka tarar a kasuwa kuwa, bakwai ne. Idan dala ce ma'auninka, a 2019 tana wajen naira 360, albashin ya haura dala 80. Bayan an saki naira a watan Yunin 2023 dala ta wuce 1,500, sabon albashin bai kai dala 50 ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da kanta ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024, na abinci kuma ya haura kashi 40 a tsakiyar shekarar.

Da ɗan kwangila ne ya kawo mini wannan lissafi, wallahi da na rubuta masa cewa an cuce shi. Lamba ta ƙaru a takarda, abin da lambar ke sayowa ya ragu.

Sannan ku tuna, mafi ƙarancin albashi na wanda ke matakin ƙasa ne. Mai digiri ko babbar difloma a fannin ƙiyasin gini a mataki na 8 yake shiga aikin gwamnati, kuma duk ma'aikaci ya san yadda irin wannan ƙari ke tafiya: na ƙasa ya fi samun kaso mai tsoka, yana hawa sama yana sirancewa. Likitoci da ma'aikatan lafiya suna da tsarin albashinsu na musamman da alawus na haɗarin aiki, malaman jami'a ma da nasu. Ban yi musu hassada ba, sun cancanta. Mu kuwa da injiniyoyi da masu zanen gini, a jerin kowa da kowa muke. Mutum ya yi shekaru a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko a kwalejin kimiyya da fasaha, ya yi bautar ƙasa, ya zauna jarrabawar ƙungiyar sana'a, ya yi rajista da hukumar da dokar 1986 ta kafa don tantance masu wannan aiki, yana biyan kuɗin sabunta lasisi daga aljihunsa, sannan a ɗora masa fayil ɗin miliyoyi a kan tebur alhali babu kuɗin man babur a aljihunsa.

Yanzu bari in dawo gida, domin abin da ya sa na ce sai na yi rubutun nan ya fi shafar mu 'yan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa.

A da, ma'aikaci ɗan yankinmu bai dogara da albashi kaɗai ba. Albashi na cefane ne da kuɗin makaranta da sutura. Abinci daga gona yake zuwa. Idan kaka ta yi, sai ka ga buhunan masara da dawa sun iso daga ƙauye a bayan a-kori-kura, har ka ba maƙwabta. Ƙasarmu ƙasar noma ce, duk wanda ya san kasuwar Dandume da ta Sheme ya san abin da nake faɗa. Wannan shi ne tallafin da ke riƙe da ma'aikacin gwamnati wanda ba a taɓa rubuta shi a takardar albashi ba. To 'yan bindiga sun cire mana wannan tallafin tun kafin a cire na fetur ranar 29 ga Mayun 2023. Gonakinmu na bakin daji sun gagara zuwa. 'Yan'uwan da suke aiko mana da hatsi, yau wasunsu a gidajenmu suke, da matansu da 'ya'yansu. A gidana kaɗai, tukunyar da ake ɗora wa mutum bakwai ta koma ta mutum goma sha biyar. Ba gori nake yi ba, jinina ne, kuma ni ma da hatsinsu na yi karatu. Lissafi kawai nake yi.

Wata rana da dare na ɗauko irin takardar da nake yi wa gwamnati ƙiyasi da ita, na ce bari in yi wa gidana bil. Na jera masara, shinkafa, man girki, gawayi, haya, kuɗin makaranta, magani, man babur, na sa wa kowanne farashin kasuwa. Da na haɗa jimla na ajiye ta kusa da albashina, sai uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, wannan kwangilar wa zai karɓe ta?" Muka yi dariya. Amma gaskiya ta faɗa. Babu ɗan kwangilar da zai karɓi aikin da kuɗinsa ke ƙarewa kafin a kai linta. Albashina ba ya ganin tsakiyar wata.

Ga kuma haɗarin aikin. Kowa ya tuna daren 11 ga Disamban 2020 da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Kowa ya tuna 2021, lokacin gwamnatin Masari, da aka hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da namu uku. A duk wannan hali ba a daina gina ajujuwa da asibitoci ba, kuma ba a daina tura mu awo ba. Idan ina ƙiyasin aiki a ƙauyen da ke bakin daji, dole in sa wa ɗan kwangila ƙarin kuɗin dako, don mai tifa ba zai shiga a farashin cikin gari ba. Birkila ma sai an ƙara masa. Haɗarin direba na cikin bil, haɗarin birkila na cikin bil. Ni da zan hau acaɓa in bi wannan hanyar da tef ɗina da littafina, nawa haɗarin ba ya cikin kowace takarda. Sau da yawa kuɗin acaɓar ma daga aljihuna yake fita, a ce in rubuto a biya ni daga baya. Ba sai na faɗa muku yadda "daga baya" take ƙarewa ba.

To ga inda gizo ke saƙar. Idan ofis bai ba ka abin hawa ba, wa zai kai ka wurin aikin? Ɗan kwangila. A motarsa za ka je, shi zai saya maka abinci a hanya, shi zai dawo da kai. Mutumin da aka aike ka ka bincika, shi ne mai ɗaukar nauyin binciken. Haba jama'a!

Bari in ba ku abin da ya faru da ni, ba zan kama suna ba, ba zan faɗi gari ba. An tura ni auna wani gini na aji biyu a wani ƙauye. Takarda ta ce bulo mai inci tara, na tarar da mai inci shida a wasu bangayen. Na ɗauki bulo ɗaya na sake shi daga ƙugu, ya watse kamar dambu. Buhun simintin da ya kamata ya fitar da bulo kamar talatin, an matse shi ya haifi kusan ninki biyu. Rodin ginshiƙi an ce mai lamba 12, aka sa mai lamba 10. Da muka koma mota sai mai aikin ya miƙo mini ambulan, ya ce, "Yallaɓai, ga na goro. Ka san yadda kaya suka tashi, a rufa wa juna asiri."

Na rantse da Allah, a ranar an koro yarana biyu daga makaranta saboda kuɗin zango, kuma ƙanwata na kwance tana jiran magani. Na riƙe ambulan ɗin a hannuna na ɗan lokaci, ba zan yi muku ƙaryar cewa ban ji nauyinsa ba. Abin da ya tsayar da ni, kafin mu taso maigarin ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, ka duba mana da kyau, jikokina ne za su zauna a ciki." Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ka rushe bangon nan ka sake, in ya so in rubuta maka ƙarin kuɗin da doka ta ba ka." Bai ƙara yi mini magana ba har muka iso gari. Aka yi watanni ba a sake tura ni wani aiki ba, aka ce wai ina da taurin kai.

Ban kawo wannan don a ce ni waliyyi ne ba. Na kawo shi ne don ku gane cewa a ranar, tsakanin yaran ƙauyen nan da bangon da zai faɗo musu, babu komai sai mutum ɗaya mai yunwa. Ranar na tsaya. Wa ya ba ku tabbacin gobe zan tsaya? Wa ya ba ku tabbacin wanda aka tura a madadina ya tsaya? Duk ajin da kuka ga iskar farkon damina ta yaye rufinsa shekara ɗaya da gamawa, duk kwalbatin da ruwan Agusta ya tafi da shi, akwai wanda ya sa hannu cewa an yi shi daidai. Gwamnatin da take tsuke bakin aljihu a kan albashin mai awo, tana zubar da ninkin-ba-ninkinsa a aikin da za a sake yi sau biyu. Araha ba ta ado.

Wani zai ce, "Ai ku ne ɓarayin, ku kuke kumbura kwangila." Ban musa ba, akwai irinsu a cikinmu, kuma na san wasu sun gina gidajen da albashinsu na shekara talatin ba zai gina ba. Yunwa ba ta halatta haram, wanda ya ci amana ya ci, a kama shi a hukunta shi. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa yake kiran mai ƙiyasi a waya ya ce, "Aikin nan na mutumin oga ne, ka san yadda za ka yi"? Wa yake raba kwangila a matsayin ladan kamfe ga wanda bai taɓa riƙe cebur ba, shi kuma ya sayar wa wani, wani ya sayar wa wani, har kuɗin ya iso wurin gini rabinsa ya zube a hanya? Mu 'yan siyasa ne muke yin wannan, kowace jam'iyya, kuma na ce "mu" ne don ni ma na yi yawon neman ƙuri'a, na tsaya a layi na kasa na tsare. Dokar sayen kayan gwamnati ta tarayya tun 2007 take, zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, ɗan jihar nan. Doka ba ta hau acaɓa ta je ƙauye ta auna bango. Mutum ne yake zuwa.

Wani kuma zai ce, "Kowa ma na cikin matsi, me ya sa sai ku?" Gaskiya ne, malamin firamare na cikin matsi, mai shara na ciki, ɗan fansho ya fi kowa. Ban ce a ɗauki nasu a ba mu ba. Abin da nake cewa, gyara namu yana kare nasu, domin kuɗin da ke zurarewa ta kwangilar banza shi ne kuɗin da ake cewa babu idan malami ya nemi ƙarin girma. Kuma kada a ce mana babu kuɗi. Kowa ya san kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai a naira tun bayan cire tallafin mai. Talaka ne ya biya wannan ƙarin a gidan mai. Yana da haƙƙin ya ga ginin da aka yi masa da shi ya tsaya.

Saboda haka ga abin da nake kira a yi, kuma babu wanda ya fi ƙarfin jiha a ciki.

Na farko, a ba masu ƙiyasi da injiniyoyi da masu zanen gini da ke aikin gwamnati alawus na sana'a, a kuma riƙa duba shi duk shekara da farashin kasuwa, kamar yadda ake duba na ɗan kwangila.

Na biyu, duk wanda za a tura awo a Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da sauran ƙananan hukumomin da ke bakin daji, a ba shi kuɗin hanya a hannu kafin ya tashi, da alawus na haɗari, da inshorar rai. A haramta masa shiga motar ɗan kwangila, amma sai bayan an ba shi tasa hanyar zuwa.

Na uku, tunda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, to kowace ɗaya daga cikin 34 ɗin jihar nan ta samu mai ƙiyasi mai rajista a sashen ayyukanta. Idan kuɗi ya sauko ƙasa babu mai awo, an ba kura ajiyar nama. Yaranmu da suka karanta fannin suna nan suna sayar da katin waya.

Na huɗu, a riƙa manna taƙaitaccen bil a jikin kowane aiki, da Hausa: kuɗinsa nawa, bulo mai inci nawa, rodi mai lamba nawa, yaushe za a gama. Maigari da liman da shugaban matasa su iya karantawa su gwada da abin da idonsu ya gani. Wannan zai kare mai awo na gaskiya, don zai iya ce wa mai ambulan, "Alhaji, ko na sa hannu, mutanen gari sun gani."

Na biyar, masu ƙiyasi masu zaman kansu da gwamnati ke ɗauka aiki, a biya su a kan lokaci. Kuɗin da aka riƙe shekara biyu a wannan zamani ya zama rabin kansa.

Ku kuma 'yan'uwana na sana'a, da shugabannin ƙungiyarmu da aka kafa tun 1969, taron otal da rabon kambun girmamawa ya isa haka. Mu da muke iya faɗin kuɗin asibiti tun ba a haƙa harsashinsa ba, kunya ce a ce mun kasa rubuta takarda ɗaya mai lambobi da za ta nuna wa majalisar jiha abin da ake buƙata don mai ƙiyasi ya rayu ba tare da ambulan ba. Mu rubuta, mu kai, mu tsaya a kai. Kuma mu fara fitar da ɓatagarin cikinmu da hannunmu kafin a fitar mana da su.

Masu girma da ke karanta wannan shafi a ɓoye, na san kuna karantawa. Kada a ɗauki maganata a matsayin zagi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Duk ginin da za ku yanke wa ƙyalle ku ɗauki hoto, sunanku ne a jikin allon, ba nawa ba. Idan ya tsaya shekara talatin, ku za a yi wa addu'a. Idan ya faɗi a damina ta biyu, ku za a tuna.

Ajin nan da na ba ku labari, na bi ta ƙauyen kwanakin baya. An sake bangon, yara na ciki suna karatu. Nawa yaran kuma sun koma makaranta da bashin da na ci a wurin wani abokina mai shago, har yanzu ina biya.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Pauwa da jihar Katsina baki ɗaya, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, mu kuma Ya tsare hannuwanmu daga abin da ba namu ba. Amin.